Lakwaja da Tambayar Wane Ne Ɗan Gari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san karin maganar nan: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙo da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa, ɗan gari kuwa ko an sare shi sai ya sake tohowa. Muna faɗar ta da daɗin baki idan mu ne a gida. Idan kuwa mu ne muka je Jos ko Shagamu ko Kumasi aka juyo mana da ita, sai mu ji ta da ɗaci. Abin da nake so in bincika shi ne ko addininmu ya yarda da wannan rabo da muka yi wa bayin Allah. Babu kuwa garin da ya fi dacewa a tsaya a yi wannan bincike kamar Lakwaja, domin gari ne da mafi yawan mutanensa za su iya nuna maka hanyar da kakansu ya biyo ya zo.

Garin yana gindin Dutsen Patti, daidai inda Binuwai, wanda ya taso daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya zubo cikin Kwara, wanda shi kuma ya ɗauko tafiya tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya wuce Yawuri da Jabba. Wanda ya hau dutsen ya leƙo zai ga ruwan biyu suna tafiya a jere, launinsu ba ɗaya ba, kafin su gauraye su nufi Ida da Anaca. Wuri irin wannan ba ya bukatar a yi masa shela. Tun kafin Bature ya san da shi, Kakanda, mutanen da kwalekwale ne gonarsu, suna jigilar kaya da mutane sama da ƙasa, kuma akwai babbar kasuwa a Gbebe, a ɗaya gaɓar. Daga arewa ana sauko da kanwa da fatu da rigunan Nufe da turkudin Kano da hauren giwa da man kaɗanya. Daga kudu ana hauro da gishiri da manja da bindigogi da albarushi da yadin Turawa. Kada kuma a ɓoye, cikin hajar da ta fi tsada a kan wannan kogi har da 'yan Adam.

A 1841 Ingilishi suka aiko da jiragen ruwa masu hayaƙi guda uku, suka karɓi fili a hannun Attah na Igala da ke Ida, da nufin kafa gonar gwaji a bakin mahaɗar, da fatan cinikin amfanin gona zai kashe kasuwar bayi. Zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna, gonar ta watse. A cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda shi kansa an taɓa sayar da shi yana yaro. Sai wajen 1860 wani likita ɗan Sikotilan, William Baikie, wanda tun a tafiyarsa ta 1854 ya gwada cewa kwinin na kare matafiyi daga zazzaɓin, ya zo ya zauna da yardar Etsu Masaba na Bidda, wanda ikonsa ya kai wurin a lokacin. Baikie ya koyi Hausa, ya je har Kano a 1862, ya buɗe kasuwa, ya riƙa fansar bayi yana zaunar da su kusa da shi. Fatake Nufawa da Hausawa da Yarabawa suka biyo ciniki. Ya rasu a Saliyo a 1864, a hanyarsa ta komawa gida, amma garin ya riga ya kama ƙasa.

Daga nan sai kamfanin George Goldie, wanda ya sami takardar sarautar Ingila a 1886, ya mai da Lakwaja sansanin sojansa, kuma da yawa daga cikin sojojin Hausawa ne da Yarabawa. A nan Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, ya ce Arewa ta shiga hannunsu, tun kafin su ci Kano da Sakkwato. Bayan sun ci su kuwa, nan suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. An kawo Etsu Abubakar na Bidda. An kawo Sarkin Zazzau Kwasau. An kawo Sarkin Kano Alu, bayan an fara ajiye shi a Yola, ya zauna har ya rasu a 1926. An kawo Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawallafin waƙoƙin da har yau ake karantawa a makarantu. Kaburburansu na nan a cikin garin. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa wurin mutuwar mutum cikin abubuwan da Allah Ya ɓoye masa, kuma ban taɓa jin nauyin wannan aya ba kamar ranar da na tsaya a gaban kabarin sarkin da aka taɓa busa wa kakaki a Gidan Rumfa, ga shi kwance a ƙasar masunta, tsakanin gidajen da ake jin Nufanci ta kan katanga.

To, a duba wannan taro. Bawan da aka fansa, ba ya da garin komawa domin an ƙone shi. Bakakande mai kwalekwale. Falke da ya zo da kanwa ya ga wuri ya yi aure. Sojan kamfani da ya gama aiki ya buɗe tebur. Sarki tuɓaɓɓe da barorinsa da matansa. Wane ne raɓa a cikinsu, wane ne kaba?

Na zauna da wani dattijo a ƙofar gidansa a unguwar Kabawa bayan la'asar, yana zaune kan buzu, ɗan jikansa na tsince masa ƙayar busasshen kifi a faranti. Kakansa na cikin barorin da suka biyo ɗaya daga cikin sarakunan nan, mahaifiyarsa Banufiya ce, Hausarsa kuma tana da wani lanƙwaso da ba za ka ji shi a kasuwar Kurmi ta Kano ba. Na ce, “Baba, ba ka taɓa sha'awar komawa gida ba?” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wane gidan? Ubana na kwance a can, uwata na kwance kusa da shi, ni ma na nuna wa yara wurina. Idan siyasa ta yi zafi sai ka ji wani ya ce mu koma inda muka fito. Ni daga ɗakin can na fito.” Ya nuna wani ɗaki mai tsohon kwano a bayansa. Bai faɗa da fushi ba, sai dai na ga ya daɗe da ba kansa wannan amsa.

Abin da ya ba ni mamaki da na koma kan littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure shi ne, amsar dattijon nan ita ce amsar malamai. Shari'a ta damu ƙwarai da sanin wane ne matafiyi, wane ne mazauni, domin salla da azumi da Juma'a duk sun rataya a kan wannan. Amma duba ma'aunin da ta sa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi tafiyar mil 48 yana ƙasaru, yana mai da salla mai raka'a huɗu biyu. Da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, ƙasaru ta yanke, sai ya cika salla kamar kowa. Idan ya shiga garin da yake da matar da ya tare da ita, ko bai yi niyyar kwana huɗu ba, hukuncinsa hukuncin wanda ya iso gida ne. Idan kuma ya yi niyyar zama na dindindin, garin ya zama mazauninsa, ana ƙirga shi cikin mutanen da Juma'a ke ƙulluwa da su. A duk wannan babi babu inda aka tambayi daga ina kakansa ya zo. Niyya ake tambaya, da iyali, da inda mutum ya ajiye kayansa.

Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka aka haife shi, can kakanninsa suke, can ya yi shekara 53. Amma da ya koma a shekarar da aka buɗe ta, ƙasaru ya yi ta yi har ya bar garin, haka kuma a hajjinsa na bankwana. A garin haihuwarsa ya yi sallar matafiyi. Madina, inda ya zo a matsayin mai hijira, ita ce ta zama gida, can ya koma, can aka binne shi. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, ya zaunar da Salmanu mutumin Farisa da Bilalu ɗan asalin Habasha a tsakiyar al'amuran garin. Mu da muke karanta wannan tarihi kowace shekara a watan Mauludi, da wane baki za mu ce wa wanda aka haifi ubansa a unguwarmu baƙo?

Mu kanmu tarihinmu na baƙi ne. Labarin da muke ba 'ya'yanmu na asalin Hausa Bakwai ya fara da baƙon da ya sauka a Daura da dare yana neman ruwan da zai ba dokinsa. Wangarawa da suka kawo wa Kano ilimi baƙi ne. Shehu Usmanu ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma Sakkwato da muke tinƙaho da ita gari ne da aka gina bayan haka. Fataucin da ya kai Bahaushe Gwanja da Salaga bai yiwu ba sai da fatoma, mai masaukin da zai karɓi mutumin da bai taɓa gani ba, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba shi bashi. Arzikin Lakwaja ma a kan wannan amana aka gina shi.

Sai dai zan zama azzalumi idan na tsaya a nan, domin akwai wani ɓangare da yake da magana, kuma maganarsa tana da nauyi. Mutanen Oworo suna cewa ƙasar da Lakwaja ke kai tasu ce tun kafin Baikie, kuma su da Bassa-Nge da Igala da Igbirran Kwatankarfe ba daga sama suka faɗo ba. A ƙarni na 19 mayaƙan Bidda sun yi ta kai hari yankin nan da ƙasar Kabba, suna kama mutane, suna ɗora haraji, har sai da kamfanin Goldie ya ci Bidda da yaƙi a 1897. Wanda kakansa ya gudu kan dutse don tsira daga mahaya masu rawani, idan ya ga jikokin masu rawani ne ke da kasuwa da faɗa a ji a ƙasar kakan nasa, ba ƙiyayya kaɗai ke motsa shi ba. Tsoro ne mai tushe. Ya kamata mai karatu Bahaushe ya iya jin wannan ba tare da ya murtuke fuska ba. Musuluncin da ya ce mai hijira ya zama ɗan gari shi ne kuma ya haramta ƙwacen ƙasa ko da taƙi ɗaya ne, kuma filin da aka gina masallacin Madina a kai saye aka yi daga hannun marayun da suka mallake shi.

Don haka a ganina abubuwa biyu ne muka cakuɗa. Akwai abin gado: gonar kaka, fadamar dangi, wurin kamun kifi da wani gida ya gada, sarautar gargajiyar wata al'umma, kaburburanta da wuraren tarihinta. Wannan na masu shi ne, kuma daɗewar baƙo ba ta ba shi ikon hannu a kai sai da ciniki ko kyauta ko yarda. Akwai kuma abin da aka gina da harajin kowa: gurbin makaranta, gadon asibiti, aikin gwamnati, rumfar kasuwa, ƙuri'a da tsayawa takara. Wannan na duk wanda ya zauna ne. Takardar shaidar asali da ƙananan hukumomi ke bayarwa ta ɗauki ma'aunin na farko ta ɗora a kan na biyu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, shi ne kuma ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta. Tsakanin waɗannan biyu miliyoyin yara suka maƙale: inda aka haife su a ce su je garin kakansu, garin kakan kuma babu mai unguwar da ya san fuskarsu.

Tarihin arzikin Lakwaja ya riga ya gwada mana wane ne raɓa na gaskiya. Lugga bai daɗe ba ya mai da hedkwatarsa Jabba, daga nan Zungeru a 1902. Jirgin ƙasa ya isa Kano daga Baro a 1911, aka haɗa shi da layin Ikko, gyaɗa da auduga da fatu suka koma bin dogo. Kamfanoni irin su John Holt sun ci gaba da riƙe rumbunansu a bakin ruwa na wani lokaci, amma kogi ya riga ya rasa sarautarsa, daga baya kuma manyan motoci suka ƙarasa abin da jirgin ƙasa ya fara. Waɗanda riba kaɗai ta kawo su sun bi riba sun tafi. Jikokin bayin da aka fansa, da na sojoji, da na fatake, da na barorin sarakuna, su suka zauna cikin shekarun da garin ya yi sanyi, suna su, suna ɗinki, suna karantar da yara, suna binne matattunsu. Wanda ya zauna da gari a lokacin da garin ba ya da abin ba shi, ya biya kuɗin zama ɗan gari da abin da ya fi takarda tsada.

Da aka ƙirƙiro jihar Kogi a 1991 aka mai da Lakwaja babban birninta, sai sabon ayari ya sauka: ma'aikata daga ƙasar Igala da Okene da Kabba, 'yan kasuwa Ibo, direbobi da 'yan dako da masu sayar da albasa daga Arewa. Hedkwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana garin, an kuma ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma har yau abin da ke ciyar da garin shi ne titi: tireloli da tankoki da motocin fasinja da ke tsayawa a ci soyayyen kifi a yi salla a wuce. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗan Adam ke saurin mantuwa. Wanda aka ce wa kakansa baƙo jiya, shi ne yau yake kallon wanda ya sauka bara yana cewa waɗannan baƙin sun cika mana gari.

A 2012, da kuma 2022, kogi ya cika ya shanye unguwannin bakin ruwa, ya yanke hanyar Abuja a wajen Kwatankarfe, tankoki suka yi layi na kwanaki har man fetur ya yi wuya a babban birnin ƙasa. A irin wannan rana masu kwalekwale ne ke fito da tsofaffi da jarirai, makarantu su cika da 'yan gudun ruwa, tabarmar Musulmi kusa da ta Kirista. Malamai sun ce maƙwabci iri uku ne: wanda yake ɗan'uwa kuma Musulmi yana da haƙƙi uku, Musulmin da ba dangi ba yana da biyu, wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. Ba su ware na huɗu ba, wanda ba shi da haƙƙi domin kakansa daga nesa ya zo.

Amma shi ma mazaunin da yake neman a kira shi ɗan gari akwai abin da ke kansa, kuma a nan ne mu Hausawa muke da gyara. Da yawa daga cikinmu mukan yi shekara 30 a garin mutane da ƙafa ɗaya a waje. Ba mu koyi harshensu ba, ba ma zuwa ta'aziyyarsu, gidan kirki a can gida muke gina shi, nan kuwa ɗakin haya ya ishe mu. Ko zakka idan ta fita sai a ɗora ta a mota a kai ƙauye. Alhali hukuncin da ke cikin littattafanmu shi ne a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, ba a kai ta nesa sai idan mutanen can sun fi tsananin bukata. Attajirin da ya tara dukiyarsa a kasuwar bakin ruwa, talakan bakin ruwan ne ya fi cancanta da zakkarsa, ko da ba yarensu ɗaya ba. Wanda ya ƙi ɗaukar gari a matsayin gida a wajen bayarwa, hujjarsa takan yi rauni ranar da ya zo neman a ɗauke shi ɗan gida a wajen karɓa.

Laifi tudu ne. Sabon Garin Kano an kafa shi tun wajen 1913. Akwai iyalan Ibo da Yarabawa da suka haifi kaka da uba da jika a can, suna jin Hausa fiye da yaren da ake cewa nasu, suna biyan haraji da kuɗin rumfa, wasu shagunansu sun ƙone sun sake ginawa ba su tafi ba. Abin da nake nema wa dattijon Kabawa a Lakwaja, da Bahaushen Jos, da na zangon Kumasi, shi ne dai abin da ya wajaba in nema wa ɗiyar mai sayar da kayan gyaran mota da aka haifa a Sabon Gari: idan ta ci jarrabawa ta sami gurbi a makarantar jihar da kuɗin da 'yar Fagge ke biya, idan ta gama ta nemi aiki a duba takardun karatunta, kuma idan ta je wajen mai unguwa neman shaida ya sa mata hannu domin ya san ta tun tana goye.